Gurbin Tanko

Da na karɓi aikin asibitin nan na Haɗeja, da ɗana Tanko ya rayu? Na kai tambayar nan gaban malamai, na kai ta gaban tsofaffin da suka girme ni tun suna raye, kowa ya ce mini kwanansa ne ya ƙare. Na sani. Ni ma ina salla. Amma sanin bai hana ta zuwa ba. Ga shi idona ya tafi, haƙorana sun zube, duk wanda ya ga abin da ya faru ya riga ni, ita kuwa tana nan yadda na same ta.

Ke da kike rubutawa, jikar ƙanwata ce ke, ki sa shi yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. In kin ji na yi shiru ki jira, kuka nake yi, yakan wuce. So nake sa'anninki su ji, don na ji su a ƙofar gida suna cewa bandar kifi ba sana'a ba ce, ɗora kifi ne a wuta a koma gefe a yi hira.

Tarwaɗa ce farkon abin da aka sa mini a hannu. Ni 'yar manoma ce daga wajen Kaugama, aure ya kai ni wata tungar masunta can gabas, kusa da Baturiya, zamanin Turawa suna mulki, jirgin ƙasa bai daɗe da fara tsayawa a Malam Madori ba. Uwar mijina, Iya Fanna, ita ta koya mini. Mutanen gabas ne su, Hausarta da ɗan Barbarci a ciki. Ta dire mini ƙwarya cike da tarwaɗa, rabinsu da sauran rai, ta ce in wanke. Na zuba ruwa, suna ta zille mini. Ta bar ni ina kokawa da su, sai da wata ta soke ni da ƙaya a tafin hannu, sannan ta ɗebo toka ta watsa musu. Toka ce ke kashe yauƙin. Daga nan a karya ƙayar gefe, a tsaga ciki da ƙaramar wuƙa a fitar da hanji. Kada a fasa matsarmama, in ta fashe kifin ya yi ɗaci har ƙashi. Sai a lanƙwasa shi, a kawo wutsiya wajen baki a soke da tsinke, ya zama kamar gammo.

Bandar kanta da hannu muke gina ta. Katangar laka ce zagayayya iya ƙugu, da ƙofar wuta ta ƙasa, a jera ɗanyun sanduna a bisa. Wuta biyu ce. Ta farko mai ɗan harshe, ita ke dafa kifin ta fitar da ruwansa. Ta biyu ba harshe, hayaƙi ne zalla, a rufe da tsohuwar tabarma, shi ke busar da shi ya ba shi jan nan da ake so. Bandata ta farko na yi gaggawa na cika wuta, bayan kifin ya yi baƙi, cikinsa ɗanye. Kafin ranar kasuwa tsutsa ta fito. Iya Fanna ba ta yi faɗa ba. Ta juye shi a akushi ta ajiye a gabana, ta ce, "Amarya, ga naki ya nuna. Namu muke jira."

Itace ma ba kowane ba. Giyayya da gabaruwa su ne na ƙwarai, suna ci a hankali. Tumfafiya ko kusa, kifin ɗaci zai yi. In ana son ja ya fito sosai, a barbaɗa ƙaiƙayin shinkafa a kan garwashi. Juyawa kuwa da hannu ake yi, don sanda tana farfasa naman. Miƙo hannunki ki taɓa yatsun nan. Har yau ina ɗaukar garwashi in sa a kasko ban ji komai ba. Sanin ya yi ko bai yi ba, ba ido ke gaya maka ba. Ƙwanƙwasa shi ake yi da farce. In ya amsa kamar busasshen gora, ya yi. In ya amsa a dakushe, da sauran ruwa wajen kai, kuma nan ɓarna take farawa.

Masu saye iri-iri ne. Matan Filani sukan kawo nono su karɓi ƙananan karfasa. Matan gari sukan aiko a sayo musu na miya. Amma babbar mai sayenmu wata Bayarabiya ce, muna ce mata Iya Ikko, takan zo da jakuna ta kwashi kwanduna ta kai tasha. Ba ta taɓa duba na saman kwando ba. Hannu take zurawa har ƙasa ta zaro ɗaya, ta ɓalle kan, ta shaƙa. In ta ji abin da ba ta so, sai ta ce, "Wannan na maƙiyinki ne, ina nawa?" Mun yi shekaru tare, ba ta taɓa mayar mini da kwando ba.

Akwai abu ɗaya da wanda bai zauna fadama ba ba zai gane ba, shi ne sauro. In ruwa ya cika fadama, da la'asar sakaliya za ka ji su sun taso kamar ana kaɗa garaya a nesa. Jaki ma kuka yake yi. Maganinmu ɗaya ne, hayaƙin banda. Kowace mace a jikin bandarta take yin rumfar kwana, ta shimfiɗa wa yara tabarma ta inda iska ke kai hayaƙin. Wanda aka fi so shi ake sawa kusa. Haka Iya Fanna ta reni mijina, haka kowa ya tashi. Na haifi 'ya'ya mata biyu ba su zauna ba, sannan Tanko ya zo, na kuwa sa shi kusa fiye da kowa.

Yana cikin famfarar haƙori ubansa ya rasu, zazzaɓi ne da bai yi mako ba. Iya Fanna ta riga shi da daɗewa, kuma shi kaɗai ta haifa, danginsu suna can gabas ba wanda ya san hanyarsu. 'Yan'uwana suka aiko in koma gida in yi aure. Wanda ya fito neman ya ce ni yake so, yaro a nema masa wani wuri. Na ce a gode masa.

Da na fita takaba sai Sarkin Ruwan tungarmu, Baba Mele, ya zo ya tsaya a bakin bandata. Mijina yana da gurbi, wato bakin wata mashiga inda ruwa ke komawa kogi in ya fara janyewa. Nan yake kafa shinge ya jera gurarsa, kwandunan tarkon kifi, kuma a duk tungar ba gurbin da ya fi shi. Baba Mele ya ce, "Kande, kin san al'ada, amma zan faɗa don kunnenki ya ji. Gurbin nan na yaron nan ne. Abokan ubansa za su riƙa kafa shi, su kawo miki kasonki, har ya isa shiga ruwa da kansa. Sharaɗi ɗaya ne. Duk kakar kifi hayaƙi ya tashi a bandar nan. Kakar da ta wuce ba a ga hayaƙinki ba, kin tashi ke nan, gurbi ya koma hannuna in ba wani."

Na ce, "Ina zan je, Baba?"

Ya ce, "Haka kowa ke cewa kafin ya tafi."

Tari ne ya kai mu gari. Tanko ya daɗe yana yi, irin mai ƙugi a ƙirji, na ba shi sassaƙe da rubutu bai bari ba. Wata ranar kasuwa na kai kifi Haɗeja, na ja hannunsa muka shiga asibitin En'e, na hukumar sarki. Malamin asibitin, Malam Sule, ya ɗaga masa riga ya saurari ƙirjinsa, sannan ya sunsuni rigar, ya ce, "Kai, mutum ne kai ko kifi?"

Tanko ya ce, "Tarwaɗa ne."

Malam ya yi dariya, amma da ya juyo wajena dariyar ta tafi. Ya tambayi inda yaron yake kwana, na gaya masa har da ɗan alfahari. Ya ce, "Baiwar Allah, abin da kike yi wa kifi shi kike yi wa ƙirjin yaron nan. Ki fitar da shi daga hayaƙi." Ya ji ba ni da miji, sai ya ce likita Bature yana neman mace marar aure da za ta riƙa wanki da dahuwa wa majinyata mata, don masu aure mazansu ba sa bari. Ya ce in biyo shi in gani.

Ɗakin da za a ba mai aikin yana bayan asibitin. Soro ne, an shafe shi da farar ƙasa, da ƙofar katako mai sakata. Gado na ƙarfe, bargo, da gidan sauro fari a rataye, irin wanda ban taɓa gani ba sai a ranar. Malam ya riƙa lissafa mini. Albashi duk wata, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. Hatsi da sabulu daga ma'aji. Magani kyauta gare ni da ɗana. In yaro ya ƙara girma za a sa baki a ɗauke shi elementare. Tanko ya shige cikin gidan sauron ya zauna, ya ce, "Inna, kalli, an kama ni a gura." Malam ya ce in je in yi shawara, amma kada in daɗe.

Na yi awo, 'yar nan. Kada wani ya ce miki ban yi ba. Ina fiɗar kifi ina yi, ina juya banda ina yi. A can akwai magani da gidan sauro da abincin da ba ya jiran ruwa. A nan akwai gurbin ubansa, abu ɗaya da aka bar masa a duniya. A can zan wanke jini da ƙazantar mutanen da ban sani ba, ba ranar hutu, ba zuwa suna ba zuwa gaisuwar mutuwa sai an ba ni izini. A nan ni ce da hannuna, ba mai kirana da ƙararrawa. A can zai iya zama malami mai farar riga. A nan zai zama abin da ubansa ya zama. Kuma ba a iya riƙe biyun, don aikin ba ya sakin mutum kakar kifi, al'ada kuma ba ta karɓar hayaƙin aro.

Maƙwabciyar bandata, Yalwa, ita ma mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya biyu, mace da namiji. Nata mijin ɗan kamasho ne a jirgin ruwan wani, bai bar gurbi ba. Na gaya mata komai. Ta ce, "Ke Kande, Allah ya ba ki abin aunawa har kina ciwon kai. Ni ƙwaryata ɗaya ce, ita ma fanko. In ba kya so ki faɗa da wuri."

Na koma gari don tambaya ɗaya. Na sami Malam Sule yana wanke hannu, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, in na mutu fa?"

Ya ce, "Subhanallahi. Ana maganar aiki kina maganar mutuwa?"

Na ce, "Uban yaron nan da ƙafarsa ya dawo daga ruwa, bai sake komawa ba. In na mutu, ɗakin nan fa?"

Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Ɗakin na aiki ne. Wadda ta shigo ita za a ba."

"Yaron fa?"

"Sai danginsa."

"In aka ɗauke Baturen nan aka kawo wani?"

"Sai abin da sabon ya gani."

Na dawo tunga na sami Baba Mele yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, na yi masa tambayar nan yadda na yi wa Malam. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ki mutu mana ki gani. Akwai rumfar da ba akushi a tungar nan? Zai ci a gidana, ya kwana a gidan wancan, gurbinsa yana jiransa. Ke dai kada ki mutu da kifin mutane a kan wuta."

A nan awon ya tsaya. Na aika wa Malam cewa na gode, na ce ga Yalwa nan, a ba ta aikin. Duk lissafin da na yi, mutuwata na sa a ciki. Tasa ban sa ba. Ban san uwar da take iya sa wannan ba.

Maganar Malam kuwa ban yar da ita ba. Na yi wa Tanko wata rumfa nesa da banda. Kafin mako ya zagayo sauro sun mai da jikinsa kamar an watsa masa gero, zazzaɓi ya kwantar da shi har ya daina gane ni. Na haɗa tsofaffin zannuwa na ɗinka masa abin rufa kamar na asibiti, iska ba ta shiga, ya riƙa farkawa yana haki. Matan tunga suka taru a kaina. Wata ta ce, "Ɗa ɗaya gare ki, kin kai shi bakin ciyawa kin ajiye wa sauro, don wani ɗan birni ya sunsuni riga?" Na ɗauko shi na mayar da shi jikin banda. Zazzaɓin ya sauka. Tarin ya dawo.

Shekarun da suka biyo mun ci abinci, ba zan ɓoye ba. Abokan ubansa ba su taɓa rage mini kaso ba. In ruwa ya fara janyewa, gurbin nan yakan kawo tarwaɗa da bargi da kurungu har in rasa inda zan jera. Bargi sai an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, don in aka sa shi ɗungum ciki ba ya bushewa. Kurungu kuwa ƙayarsa dafi gare ta, sai an sare ta tun yana hannun masunci. Tanko ya iya duk wannan tun bai kai ƙugun banda ba. In tari ya taso masa sai ya juya baya, ya gama, ya juyo ya ci gaba da soke tsinke. In na kalle shi ya ce, "Ƙaya ce ta maƙale, Inna."

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi rowa, ruwa bai hau fadama ba sai 'yan kududdufai. Gurbin da ake rububi ya zama busasshiyar laka, awaki suna tsallakawa. Abin da ake samu 'yan ƙananan kifi ne kamar yatsa, da gaiwa da ake haƙowa a cikin laka. A shekarar kuma aka shata dajin da muke saran giyayya, aka sa masu tsaro, wanda aka kama da gatari sai gaban alƙali. Amma dole hayaƙi ya tashi a bandata, ko don kifi cikin tafi. Muka koma kashin shanu da ɗanyar ciyawa. Wannan hayaƙin ba irin wancan ba ne. Fari ne, mai nauyi, ba ya tashi sama, a ƙasa yake kwanciya inda mutum yake shimfiɗa. Kududdufan nan kuma suka haifi sauro fiye da na shekarar cika. Iya Ikko ta zo ta zura hannu a kwando, ta shaƙa, ta ɗauka a yadda na faɗa. A shekarar Tanko ya fara tofar da abu mai launi.

Na ja shi muka tafi gari a ƙasa, muna tafiya muna hutawa. Na sami Yalwa a bayan asibiti tana shanya zannuwan gado, ta yi ƙiba, 'ya'yanta suna wasa a ƙofar ɗakin nan. Ta ba mu tuwo, ta ba mu tabarma muka kwana. Na tambayi Malam Sule ko akwai wani gurbin aiki, ko shara ce. Ya ce mace ɗaya aka ba su izini. Ya ba Tanko magani a kwalba, ya ce a dawo in ya ƙare. Daga tungarmu zuwa gari ba tafiyar da ake yi da marar lafiya duk wata ba ce. Mun koma sau ɗaya. Daga nan ruwa ya dawo, hanya ta yanke.

Bari in gaya miki na Yalwa, don ki san abin da ya hana ni samun amsa. Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, asibitin nan ya cika har ƙarƙashin itatuwa, ita ce mai wanke shimfiɗunsu. 'Yarta ta kamu, da safe tana wasa, kafin washegari an rufe ta. A tungarmu ko mutum ɗaya ciwon bai taɓa ba. Namijin kuwa ya rayu, ya yi elementare, ya zama malamin asibiti shi ma, shi ya riƙe ta har ta rasu a ɗakin da ya gina mata. Ɗaya ta tafi, ɗaya ya zauna. Ni ɗaya gare ni. Wanne Tanko zai zama a cikin biyun? Yalwa da kanta ta ce mini, "Kande, ni ma ban san ko na yi daidai ba." Muka zauna muka yi kuka, kowa da nata.

Kakar da muryar Tanko ta fashe, Baba Mele ya ce lokaci ya yi. Tanko ya kai tsawon ubansa, amma in ya tuɓe riga ana ƙirga haƙarƙarinsa kamar sandunan gura. Na ce a ƙara masa shekara. Ya ce, "Inna, shekara nawa kina shan hayaƙi don gurbin nan? In na ƙara jira sai in shiga da sanda." Aka taru a bakin mashiga da hantsi, Baba Mele ya miƙa masa turken farko, ya shiga ruwa iya ƙirji ya kafa shi da hannunsa. Abokan ubansa suka yi addu'a, suka ce sun sauke amana. Ina tsaye a tudu ina kallo. Abin da na ƙi ɗakin nan dominsa ke nan, na gan shi da idona.

Kafa shinge aikin cikin ruwa ne, kuma ruwan kaka sanyi gare shi. Mai lafiya yakan nutsa ya ɗaure gindin gura ya taso yana dariya. Tanko in ya taso sai ya rungumi turke ya yi ta tari kafin ya sake komawa. Bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ana cikin haka wata safiya gurarsa ta kama yauni, irin dogon kifin nan da akan yi shekara ba a ga kamarsa ba. Mutum biyu suka ɗauko shi. Shi yana biye, jikinsa na rawa, yana murmushi. Ya dire a bakin banda ya ce in yi masa aikin da ban taɓa yi wa wani kifi ba. Daga nan ya shiga rumfa ya kwanta, bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Na yi wa yaunin nan aiki. Na yanka shi uku, kai da tsakiya da wutsiya. Na je da kaina na roƙi giyayya wajen mai tsaron daji, ya ga fuskata ya ba ni. Ina juya kifi in leƙa rumfa, in ba shi ruwa, in share masa baki, in dawo. Jini yake tofarwa sosai a lokacin. Ba hanyar gari, ko da akwai ba zai kai ba. Ranar da kifin ya amsa farce, ja kamar an shafa masa man shanu, ranar Iya Ikko ta iso da jakunanta. Ta ga kifin ta riƙe baki. Ta ce in faɗi abin da nake so, ba za ta taya ba. Muna cikin magana na ji Tanko ya kira ni daga rumfa. Na shiga na durƙusa, ya faɗi abin da zai faɗa, na ce to. Na fita na ba ta haƙuri, na ɗora mata sauran kwandunan. Da na dawo ya juya fuska bango kamar mai barci. Kafin la'asar Baba Mele ya shigo ya duba shi, ya ja zane ya rufe.

Gurbin ya koma hannun Sarkin Ruwa, ya ba ɗan wani. Ba a zalunce ni ba, al'ada ce. Na ci gaba da banda wa mutane ana ba ni lada, har hayaƙi ya gama da idona aka kawo ni nan gidanku. Tsakiyar yaunin nan kuwa ban sayar ba, ban ci ba, ban bayar sadaka ba. Na naɗe ta a ganye na rataye a rumfa, tana nan har ƙwari suka mai da ita gari. Matan tunga suka ce na taɓu. Ban taɓu ba. Abin da ya ce mini ke nan da na durƙusa a kansa, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ɗan murmushi:

"Inna, kada ki ba Iya Ikko wannan, ba na kwando ba ne. Ke ki ci kan. Ki ajiye mini tsakiyar, in na tashi zan ci."